Abin da Saimir ya gani a bayan injin Babi

Yau ku yi haƙuri da ni idan rubutun ya karkace, hannuna bai gama daidaita ba. Ga wadda ta shigo shafin nan yanzu, sunana Dorina, shekaruna ashirin da shida, ina aiki a wani kantin magani a garinmu Gramsh. Ranar Lahadin nan dangin saurayina Saimir za su zo gidanmu shan kofi. Idan Babi, mahaifina, ya ɗauki nasa ya kurɓa ya ce Allah ya sa alheri, an ba da ni ke nan. Idan ya bar shi ya huce a kan tire, baƙi su miƙe su nemi takalmansu. Shekara biyu ina jiran wannan kurɓar guda ɗaya.

Saimir bakanike ne, Babi kuma direban tasi. Ku da kuke ganin ai sun dace, ba ku san Babi ba. Shekara talatin da ɗaya yana jigila tsakanin Gramsh da Elbasan da wata Marsandi mai shan dizal, mai launin madara, wadda yake kira Tsohuwa, kuma a duk shekarun nan babu hannun da ya taɓa shiga ƙarƙashin bonet ɗinta sai nasa. A wurinsa bakanike mutum ne da ragwaye ke biya. Sai ga shi tun kaka Tsohuwa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi tana shan baƙin mai kamar ruwa. Dole a sauke inji, shi kuma ba shi da sarƙar ɗagawa a gida.

Ranar Litinin ya tuƙa ta da kansa har garejin Saimir. Ina wurin, na fake da kai wa wata tsohuwa magani a layin.

"Kai ne mai son 'yata?" ya ce, bai ko amsa gaisuwa ba.

"Ni ne, Jaji Nazmi." Jaji a wurinmu kamar a ce Kawu ne, haka ake kiran dattijo.

"To ga motata. Ka sauke injin, ka sa masa sababbin zobba, ka mayar ranar Juma'a. Asabar kasuwa ce, ina da fasinja. Abin da na ce shi kaɗai za ka yi. Duk notin da ban ambata ba, ba ruwanka da shi."

Saimir ya ce to. Ni kuma na koma wurin aiki ina murna kamar wata shashasha, wai an ba shi jarrabawa mai sauƙi.

A gida kuwa tun ranar aka tayar da ƙura. Mami ta sauke labulen falo ta wanke, ta ciro kofunan nan masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai mutuwa ko baiko, ta shimfiɗa farin ƙyallen da ta saƙa a kan kowane teburi har da saman talabijin. Rigata tana rataye a bayan ƙofa cikin leda, koriya mai duhu, dogon hannu, da maɓallai shida a baya. Halla Drita, yayar Babi, ta tare a gidanmu wai ta zo taimako. Taimakonta shi ne ta zauna a kujerar kicin tana cin birek, burodinmu mai cuku a ciki, tana tuna mana da Klodian, ɗan ƙawarta da ke aikin tayil a Italiya.

"Yaro da gidansa, hawa na uku, har da baranda," ta ce tana karkaɗe garin birek daga ƙirjinta. "Hannunsa fes. Wannan naki kuwa in ya shafa kan jariri sai an sa sabulun wanki."

"Halla, Klodian ya girme ni da shekara sha huɗu."

"Shi ya sa ya yi hankali. Ke kina ganin Nazmi zai zauna teburi ɗaya da mutumin da zai riƙa gaya masa yadda ake ɗaure noti? Na san ƙanena tun yana fitsarin kwance. Kwana uku na ba su."

Mami ta ce, "Drita, ci abincinki," ba ta ɗago daga guga ba. Ni na yi dariya, amma maganar ta zauna min a ciki.

Ranar Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara a aljihun farar rigar aiki. Hoto ne daga Saimir, injin Tsohuwa yana reto a jikin sarƙa, baƙi ƙirin, mai na ɗiga daga gindinsa.

"Ya fito lafiya," ya rubuta.

"Sannu da aiki, usta," na mayar, wato babban gwani, har da 'yar zuciya.

Na ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake farawa. Duk wadda ta taɓa soyayya ta waya ta san ɗigon nan uku ba alheri ba ne idan suka daɗe.

"In kin tashi cin abinci ki biyo. Akwai abin da nake so ki gani."

"Mai daɗi ko marar daɗi?"

"Ki dai zo."

Ban san me na sayar wa mutane ba har sha biyu ta yi. Allah ya sa dai ban ba mai tari maganin basir ba.

Na tarar da shi tsaye a cikin ramin da injin ya bari, ƙafafunsa a ƙasa, kansa ya leƙo ta inda bonet yake. Ya fito ya goge hannu, ya miƙo min wani yankin kwali. Jeri ne da baƙin alƙalami, tun daga sama har ƙasa.

"Mene ne wannan?"

"Abubuwan da ya kamata a yi tun injin yana waje."

"Saimir, ba ka ji abin da ya ce ba?"

"Na ji. Zo ki gani tukuna." Ya ja ni bayan injin, ya nuna min wani zoben roba da mai ya jiƙe kewayensa. "Wannan shi ke hana baƙin mai zubowa ta baya. Kuɗinsa bai kai na abincin rana ba. Amma idan na mayar da injin ya fashe bayan wata biyu, sai an sake sauke komai kafin a kai gare shi. Ga faifan kuloci, saura ƙiris ya cinye. Ga waɗannan ƙananan murafan ƙarfen da ke toshe hanyar ruwa, biyu sun yi tsatsa, in na danna da sukudireba sai ta shige. Robobin da injin ke zama a kai sun tsattsage. Famfon ruwa, tiyon hita, sarƙar taimin. Yau duk a gabana suke, da hannu ɗaya zan kai. Ranar Juma'a kuwa sun koma bayan ƙarfe mai nauyin mutum uku."

"To su koma," na ce. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka na ce. "Ka yi abin da ya sa ka. Bayan Lahadi, in an sha kofi, sai ka lallaɓa shi a hankali. Kwana huɗu ne fa."

"Bayan Lahadi sai a sake sauke inji?"

"A sake mana. Sau goma ma a sake. Kai ba ka san shi ba. In ka miƙa masa kwalin nan, abin da zai ji shi ne ka ce masa shekara talatin bai iya kula da motarsa ba. Halla tana can tana jira da lambar Klodian a hannu."

Ya murza tsumma a hannu. Saimir ba ya ɗaga murya, wani lokaci har na fi son ya ɗaga.

"Da su ke nan, da na yi yadda kika ce," ya ce. "Akwai na ƙarshe, ban rubuta shi ba."

Ya ɗauki fitila ya haska bangon da ke tsakanin inji da ƙafafun direba. Wani siririn bututu ne ya bi jikin bangon. A wuri ɗaya an yanke shi an haɗa, haɗin ya karkace, akwai danshi a ƙasansa, kuma ƙarfen ya goge ya yi ƙyalli inda yake gugar wani abu.

"Bututun birki ne. An gyara shi bai fi wata shida ba. Notin ya hau a karkace, an matse shi da ƙarfi a haka. Yana tsiyaya kaɗan-kaɗan. Wata rana a gangaren nan na bakin kogi zai taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa."

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Wa ke taɓa motar?"

"Babi ba ya aiki haka."

"Na sani. Shi ne abin da ya hana ni sukuni tun safe." Ya matsar da fitilar. "Dubi nan. Wannan waya tsohon gyara ne, ya yi shekara goma. Kin ga yadda aka naɗe ta, kamar a masana'anta. Wannan walda ma haka, ni kaina ban iya ta ba. Duk tsohon aikin da ke cikin motar nan na gwani ne, Dorina. Amma duk abin da aka taɓa daga bara zuwa yanzu, ga shi. Wannan ƙullin tiyon an ɗaure shi a gefen bakin, ba a kai ba. Nan an sa noti biyu masu girma daban. Nan an bar ɗaya kwata-kwata, ramin yana kallonki. Ƙarfin hannun yana nan, har ya yi yawa. Ina ganin da lalube yake yi."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya, ban damu da farar rigata ba. Abubuwa suka riƙa zuwa min ɗaya bayan ɗaya. Babi ya daina sayen jarida tun bara, wai duk ƙarya ce a ciki. Ya daina ɗaukar fasinjan yamma, wai ya gaji. Kwanaki ya gaishe da maƙwabciyarmu da sunan ƙanwarta, muka yi ta dariya. Ni da ke tsaye kullum ina ɗiga wa tsofaffin gari magani a ido, ina yi musu faɗan su je asibiti, ban ga na gidanmu ba. Tsoro ya kama ni, haushin kaina ya fi tsoron yawa.

"Canza bututun a ɓoye," na ce. "Ba zai gani ba." Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa, na rufe bakina da hannu.

"Bututun zan canza ko ya yarda ko bai yarda ba," Saimir ya ce. "Amma ba bututun ne ke tuƙa mutum huɗu a hanyar Elbasan ba."

Ranar ban ci abincin kirki ba. Na zauna a teburi ina satar kallon Babi. Ya miƙa hannu zai ɗauki gishiri, yatsunsa suka sauka a gefe, suka ja a hankali a kan ƙyallen har suka same shi. Sau nawa ya yi haka a gabana? Mami tana ta lissafin wanda zai zauna a wace kujera ranar Lahadi. Halla ta kalle ni ta ce, "Amarya ta yi tsit. Ko bakaniken ya kwance abin da ba a sa shi ba?" Na ce kaina ke ciwo.

Na rubuta wa Saimir: "Don Allah ka bari sai Litinin. Ni zan yi masa magana da kaina."

"Asabar zai ɗauki fasinja."

"To ka ce aikin bai ƙare ba. Ka ce wani abu bai iso daga Tirana ba."

"Ba zan fara da yi wa mahaifinki ƙarya ba."

Na jefar da wayar a kan gado. A lokacin da Klodian da barandarsa sun shigo ɗakin, wallahi da na gaishe su da fara'a.

Yau Alhamis da safe Babi ya sa jakit ɗinsa mai ruwan toka da hularsa, ya ce zai je ya ga abin da yaron nan ya yi wa Tsohuwa. Na ce zan raka shi, hanyata ce. Ba hanyata ba ce, ya sani.

Saimir ya tare shi da kujera da kofi daga shagon maƙwabta. Babi ya ƙi zama. Ya zagaya injin yana shafa shi da tafin hannu, ya sa yatsa a cikin silinda, ya gyaɗa kai.

"Ba laifi," ya ce. A bakin Babi wannan lambar yabo ce. Na ji kamar in ja shi mu tafi a nan.

Sai Saimir ya ɗauko kwalin. "Jaji, tun da injin yana waje, na rubuta wasu 'yan abubuwa. Ba don an yi sakaci ba, shekaru ne. Kuɗin aiki babu, kayan ma ina da rabinsu."

Babi ya karɓa, ya riƙe shi a gabansa, ya ɗan karkata kai gefe. "Rubutunka kamar tonon kaza. Dorina, karanta."

Na karanta. Zoben baya, kuloci, murafan ruwa, robobi. Ga mamakina bai fashe ba. Yana saurara yana taɓe baki.

"Murafan ruwa ka yi gaskiya, tun da aka ƙera ta ba a taɓa su ba. Zoben ma sa. Kulocin zai kai baɗi, amma tun da ka ga dama, ɓata lokacinka. Famfon ruwa ni na sa shi, kada ka taɓa." Ya miƙa kwalin. "Na ce kada ka wuce abin da na sa ka, ka wuce. Amma wanda ya sauke inji bai leƙa bayansa ba jaki ne. Shi ke nan?"

Na kalli Saimir. Da ido na roƙe shi, da duk abin da ke jikina. Mun ci jarrabawar, ga ta a hannunmu. Ya kalle ni, na ga ya gane, na kuma ga ya kau da kai.

"Saura ɗaya, Jaji. Zo ka duba nan."

Ya haska bututun. Ya riga ya zagaye haɗin da farin alli, da'ira kamar bakin kofi. Babi ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Idonsa yana wajen taƙi guda daga inda allin yake.

"Na gani. Ƙalau yake."

"Ina ka gani, Jaji?"

Babi ya miƙa hannu, yatsunsa suka bi bangon suna nema har suka kama bututun, suka bi shi zuwa haɗin. Ya shafa notin. Ya murza danshin tsakanin yatsu biyu ya kai hanci. Na ga wuyansa ya yi ja tun daga kwalar riga har kunne.

"Wa ka gaya wa?" ya ce a hankali.

"Dorina kaɗai."

"Ita ta gida ce." Ya miƙe ya gyara hularsa. "Saurara, yaro. Hanyar nan na san ta fiye da fuskar matata. Kowace kwana, kowane rami. Canza bututun, yi duk abin da ke kwalinka, ka mayar min da injina gobe. Abin da ka gani ya tsaya a garejin nan. Ranar Lahadi ku zo, zan sha kofina har ƙasa."

Ku gaya min, me za ku so ya amsa? Ni dai a cikin zuciyata ina ihu ne ya ce to.

"Komai zan gyara, gobe da rana za ta tashi," Saimir ya ce. "Amma ba zan miƙa maka makulli ba sai likita ya duba ka. Wataƙila yanar ido ce, aikin rabin awa. Mahaifiyata an yi mata, yanzu ita ke zura wa maƙwabta zare a allura. Ni zan kai ka Elbasan da kaina."

"Likita ya rubuta a takarda, su karɓe lasisina, in zauna a gida ina ɓare wa mata wake?" Babi ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ba ka shigo gidana ba tukuna, har ka fara raba ni da kujerata. Drita ta faɗa."

"Gara ka ƙi ni, Jaji, da in ji labari daga bakin kogi."

Babi ya juya masa baya. "Dorina, ɗauko min makullina."

Yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, shi kaɗai ya rage wa Tsohuwa, ɗayan ya ɓace tun ina firamare. Na je na ciro shi. Babi ya buɗe tafin hannunsa yana jira. Na kalli hannun, na kalli Saimir da ya sunkuyar da kai. Na tuna matan da ke shiga bayan motar nan ranar kasuwa da kwandunan ƙwai a cinya, wasu da goyo. Ban yi shawara ba, hannuna ne ya yi. Na buɗe jakata na jefa shi ciki na ja zif.

Ƙarar zif ɗin ya ji. Ya daɗe hannunsa a buɗe, sannan ya mayar da shi aljihu ya fita.

Na bi shi a guje. Yana tafiya da sauri, kansa a sama, har ya kai bakin babban titi inda manyan motocin yashi ke wucewa. A nan ya tsaya. Hanya ta yi sarari sau biyu, bai taka ba, bai kuma kira sunana ba. Na matsa na sa hannuna a cikin nasa, ina jiran ya fizge. Bai fizge ba. Muka tsallaka tare.

"Gobe da safe ina son makullina a kan teburin kicin," ya ce, bai kalle ni ba. "In na fito ban same shi ba, ki gaya wa mutuminki kada su wahalar da kansu ranar Lahadi. Uwarki kuma kada ta ji ko kalma ɗaya."

Yana faɗin haka yana riƙe da hannuna gam, har yatsuna suna ciwo, yana laluben bakin kwalta da ƙafa.